Bindiga a ƙugu, girin kad a aljihu

Ƙarfe ɗaya da 'yan mintoci na dare, cikin watan Nuwamba na 2022, wani yaro ya shigo shagon gidan man da nake tsaro a Greensboro, jihar Karolina ta Arewa. Ya ja hular rigar sanyinsa har gira, ya ɗauko lemon gwangwani ɗaya ya dire mini a kan kanta. Na sunkuya zan buga kuɗin, ina ɗagowa sai ga bakin bindiga daidai ƙirjina. Fuskarsa ta ɓace mini tuni, amma hannunsa har yau ina ganinsa, don rawa yake yi, ya ma fi nawa rawa. Na buɗe masa akwatin kuɗi, ya kwashe abin da bai kai dala 200 ba, ya haɗa da kwalin taba biyu, ya fice. Lemon ma a nan ya bar shi.

'Yan sanda suka zo suka ɗauki bayani, suka kwafi hoton kyamara, suka tafi. Ni kuwa na koma gida da asuba na kwanta, barci ya ce bai san ni ba. Sati uku ina haka. Wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu: duk wanda ya turo ƙofar shago da hannu a aljihu, cikina sai ya ɗuri ruwa. Da matata ta gaji da ganina ina zagaya falo ƙarfe huɗu na asuba, ta tisa ni gaba sai wurin likita. Ya saurare ni, ya rubuta mini maganin barci na 'yan kwanaki. Ku riƙe wannan maganar ta likita, za ta dawo.

Masu jin Hausa a garin nan yawancinsu 'yan Nijar ne. Ni kaɗai ne ɗan Gusau a majalisarmu ta bayan Juma'a, kuma kusan kowa a cikinmu ko tuƙi yake, ko aikin masana'anta, ko tsaron shago irin nawa. Ranar da na kawo maganar bindiga sai majalisa ta rabu biyu. Wani abokina direban babbar mota ya ce, "Mutumina, wace wahala za ka ba kanka? Saya kawai ka jefa a aljihun mota, wa zai sani?" Wani dattijo da ya haura shekara ashirin a ƙasar nan ya bari sai da hayaniya ta lafa, sannan ya dube ni ya ce, "Kai yaro, ka karɓi fasfonsu ne?" Na ce, "A'a Alhaji, girin kad ne da ni." Ya ce, "To kafin ka ga mai sayar da bindiga, fara ganin lauya."

Rabin awa na biya wurin wata lauyar shige da fice, kuma a duk abin da na kashe a wannan harka babu kuɗin da ya yi mini amfani kamarsa. Ta ce dokar tarayya ta yarda mai girin kad, wato katin izinin zama na dindindin a Amurka, ya mallaki bindiga, saɓanin mai zaune da bizar karatu ko ta ziyara, wanda galibi an hana shi. Amma akwai wani sashe a dokar shige da fice da ya ce duk baƙon da kotu ta samu da laifin da ya shafi bindiga, ko saye ne, ko sayarwa, ko mallaka, ko ɗauka ba bisa ƙa'ida ba, ana iya tasa ƙeyarsa, komai ƙanƙantar hukuncin da aka yi masa. Sannan ta fayyace mini abin da ya fi rikita baƙo a jihar nan. Kana iya rataya bindiga a ƙugu a fili, kowa na gani, ba tare da wata takarda ba. Amma da zarar riga ta rufe ta, ko ka cusa ta aljihun mota inda hannunka zai kai, ta zama ɓoyayyiya, kuma ɓoyewa babu lasisi laifi ne. Wato shawarar abokina direba, wanda shi ya riga ya zama ɗan ƙasa, ƙaramin laifi ne a kansa a karon farko. A kaina kuwa tana iya zama tikitin jirgi na tafiya babu dawowa, in bar mata da yara biyu a nan. Zan fita ta ƙara da cewa, a duk fom ɗin da zan cika, kada in kuskura alƙalamina ya taɓa gurbin da aka rubuta ɗan ƙasa, don wannan ƙaryar kaɗai tana rufe wa mutum ƙofa har abada.

A gida ma sai da na sha shari'a. Matata ta ce, "Abban yara, bindiga a gidan da ke da yara biyu, ɗaya ma yana buɗe duk durowar da ya gani?" Muka yi kwana uku muna ja. Aka tsaya a kan sharaɗinta: akwatin ƙarfe mai makulli zai riga bindigar shigowa gidan. Hajiya kuwa ban gaya mata ba sai daga baya can. A wurinta, kamar kowace uwa a Zamfara yanzu, kalmar bindiga ma'ana ɗaya gare ta. A watan Yunin 2022 ne ma gwamnatin jiharmu ta fito ta ce jama'a su nemi lasisin bindiga su kare kansu, a daidai watan da kotun ƙolin Amurka ta soke dokar New York da ke cewa sai mutum ya kawo ƙwaƙƙwaran dalili kafin a ba shi izinin fita da bindiga. Na bar gida don in yi nesa da irin wannan zance, ga shi ya biyo ni har nan.

Wanda ke ba da lasisin shi ne sherif. Ba Sharifin da muka sani ba: shugaban jami'an tsaro ne na gunduma, zaɓensa ake yi da ƙuri'a, kuma kowace daga gundumomi 100 na jihar tana da nata. Tun 1995 dokar ta ce in ka cika sharuɗɗa dole ya ba ka, ba alfarma ba ce, ba kuma sai ka san wani ba. Shekara 21, zaman aƙalla kwana 30 a jihar, ɗan ƙasa ko mai girin kad, babu babban laifi a kanka, ba a taɓa hukunta ka kan dukan iyali ba, kotu ba ta same ka da laifin tuƙi cikin maye ba a shekara uku da suka wuce, ba ka shan ƙwaya ko wiwi. Kafin duk wannan kuma, kwas na awa takwas wurin malamin da hukuma ta amince da shi, da gwajin harbi.

Wata Asabar a watan Janairun 2023, cikin sanyin da ya fi na tsakiyar hunturun gida, na isa bayan wani shagon bindigogi ƙarfe takwas saura. Na zaci zan tarar da ƙattai masu gemu da zanen jiki. Mu goma sha huɗu ne. Akwai wata ma'aikaciyar jinya baƙar fata mai aikin dare, akwai tsoho da tsohuwarsa da suka zo da filas ɗin kofi, akwai 'yan mata biyu 'yan uwan juna, da wani mai kai abinci gida-gida. Malamin tsohon ɗan sanda ne da ya yi ritaya, farin gashi, murya a dishe. Ya ɗaga wata bindigar roba mai launin shuɗi ya ce duk bindigar da ka gani ka ɗauka da harsashi a ciki, ko ubanka ne ya rantse maka babu. Kada bakinta ya kalli abin da ba ka shirya hallakawa ba, kada yatsa ya shiga wurin kunama sai ka yanke shawarar harbi, kuma ka san abin da ke bayan abin da ka saita, don harsashi ba ya tsayawa ya yi tambaya. Ya sa muka maimaita kamar 'yan makarantar allo.

Na zo ne in koyi harbi. Sai na ga yawancin ranar ta tafi a kan lokutan da ba a harbi.

Dokar jihar, tun gyaran da aka yi mata a ƙarshen 2011, ta ce ba dole ba ne ka gudu in kana inda kake da haƙƙin zama, kuma wanda ya fasa gidanka ko motarka ko wurin aikinka da ƙarfi, doka na ɗauka cewa kana da dalilin tsoron ranka. Wannan ne ɓangaren da mutane ke so su ji. Malamin ya wuce shi da sauri, ya zauna a kan sauran. Ba ka da ikon kisa sai in duk mai hankali da ke matsayinka zai yarda cewa mutuwa ko mummunan rauni na gab da faɗa maka ko wani, a wannan daƙiƙar, ba jiya ba, ba gobe ba. In kai ka tsokano faɗan, ka zubar da hujjarka. Nuna wa mutum bindiga kawai don ka tsorata shi, ko da babu harsashi, ko da wasa kake, laifi ne mai zaman kansa. Dukiya kuma ba a kisa a kanta. A gida in an yi ihun ɓarawo kowa fitowa yake da taɓarya da gora, a bi shi har sai inda ƙarfinsa ya ƙare. A nan in ka ga mutum na tafiya da motarka daga ƙofar gida, abin da ke gare ka shi ne waya.

Na ɗaga hannu na ba shi labarin darena, tun daga lemon har fitar yaron. Ajin ya yi tsit. Ya tambaye ni nawa aka ɗauka, na faɗa. Ya ce kuɗin wa? Na ce na mai shago. Ya ce, "To ga ka zaune a ajina da ƙafafunka biyu." Sannan ya rarraba mini mintin nan gida-gida. Lokacin da bakin bindiga ke ƙirjina, doka ta ba ni dama, amma kafin in ɗaga riga in kai hannu ƙugu shi ya gama, tunda yatsansa na kan kunama, kuma mai rawar hannu ya fi kowa saurin ɗana ta. Lokacin da ya juya baya ya nufi ƙofa, na sami sarari, amma doka ta janye damar, don haɗarin ya wuce. In na harbe shi a baya, ni za a gurfanar da laifin kisa. Ya ce abin da na yi a daren nan, buɗe akwati da yin shiru, shi ne abin da zai so in yi ko da bindiga goma a jikina.

Da aka tashi cin abinci na fita waje da niyyar in shiga mota in tafi gida. Fiza aka kawo mai naman alade a kai, don haka dama ba ni da abin ci a wurin sai gyaɗar da na zo da ita. Na shimfiɗa darduma tsakanin motata da wata ƙatuwar a-kori-kura na yi azahar, ina jin kunyar kaina da yadda nake waiwaye, Musulmi mai gemu yana sujada a harabar shagon bindiga. Babu wanda ya ko kalle ni sau biyu. Na zauna a kan dardumar ina lissafi. In bindiga ba za ta yi mini komai ba a daren da ya kawo ni nan, me nake yi a nan? Abin da ya mayar da ni ciki, gaskiya, abu uku ne. Akwai ɗan fashin da ba ya tsayawa a kuɗi, ya ce ka wuce ɗakin baya ka durƙusa. Akwai tafiyar taku talatin daga ƙofar shago zuwa mota bayan na kashe fitilu. Na uku kuwa, na riga na biya kuɗin kwas, kuma ba a mayarwa.

Bayan azahar aka shiga wuraren da lasisin ba ya aiki. Makarantu tun daga na yara har jami'a, kotuna, ofisoshin gwamnati, ofishin 'yan sanda, gidan waya har da wurin ajiye motocinsa, da duk shago ko gidan da mai shi ya liƙa sanarwar hana shiga da makami. Shiga makaranta da bindiga babban laifi ne. In za ka kai yaro, sai ta kasance a rufe cikin wani ma'aji a motar, motar kuma a kulle in ka fita. Ya ce kuma ba a ɗaukar bindiga da ko ɗigon giya a jini. Mutane suka yi ta gunaguni suna tambayar ko kofi ɗaya da abinci fa? Wannan ne kaɗai babin da na ci ba tare da na yi karatu ba.

Sai batun ɗan sanda. A jihar nan duk lokacin da jami'in tsaro ya tunkare ka ko ya yi maka magana kana ɗauke da ita, wajibi ne kai ka fara gaya masa cewa kana da lasisi kuma akwai bindiga a jikinka, ba sai ya tambaya ba. Ma'aikaciyar jinyar nan ta ce, "Philando Castile ma ya faɗa." Kowa a ɗakin ya san sunan. A ranar 6 ga Yulin 2016 ɗan sanda ya tsayar da shi a wajen birnin St. Paul a jihar Minnesota, yana da lasisi, ya sanar cewa yana da bindiga, cikin daƙiƙoƙi aka harbe shi a gaban budurwarsa da 'yarta ƙarama, kuma bayan shekara guda kotu ta wanke ɗan sandan. Malamin bai kare kowa ba. Ya jawo kujera tsakiyar aji ya ce mota ce, ya sa kowannenmu ya zauna. Ka kashe inji, ka sauke gilashi, ka kunna fitilar ciki in dare ne, hannu biyu a kan sitiyari. Ka fara da kalmar lasisi kafin kalmar bindiga ta fito daga bakinka. Kada ka miƙa hannu ko'ina, ko walat ce, sai ka faɗi inda take an ce ka ɗauko. Da aka zo kaina ya sa na maimaita sau huɗu, ya ce harshena yana da nauyi a kunnen mutanen nan, kuma in na firgita ina haɗiye rabin magana. Ban ji daɗi ba a lokacin. Gaskiya ya faɗa.

Jarrabawar rubutu ba ta da wuya ga wanda ya saurara. Harbin ne ya tsinka mini zuciya, don ban taɓa riƙe bindiga ba a rayuwata. Na yi hayar ƙarama mai ƙaramin harsashi a wurinsu, aka ba ni abin toshe kunne da tabarau. Harsashi 30 ne: goma daga yadi uku, goma daga yadi biyar, goma daga yadi bakwai, kuma dole 21 su shiga jikin hoton mutumin da ke kan takarda. Harbin farko da na kusa da ni ya yi sai da na zabura. Warin albarushi ya cika wurin, ya tuna mini 'yan bindigar sarki ranar hawan Sallah, muna yara muna toshe kunne muna bin hayaƙin bindigar toka. Harsasaina na farko duk suka tafi ƙasa ta hagu. Malamin ya tsaya bayana ya ce ina runtse ido ina tura bindigar gaba kafin ta tashi, don tsoron ƙarar. In matsa kunamar a hankali har harbin ya zo mini ba zato. Wani kwanson harsashi mai zafi ya faɗa mini cikin wuyan riga, na daure ban juya da bindigar a hannu ba, wanda da na yi da an sallame ni nan take. Na ci 26. Tsohuwar nan mai filas ta ci 30 cif, ta naɗe takardarta ta sa a jaka ta ce za ta nuna wa jikokinta.

Da takardar shaidar kwas a hannu, na cika fom ta intanet, aka ba ni ranar zuwa ofishin sherif cikin Fabrairu. Kuɗin dala 90 ne, 80 na nema, 10 na ɗaukar zanen yatsu, kuma ko an hana ka ba a mayarwa. Zuwan farko na dawo hannu rabbana, laifina ne kuma: sunan kakana yana kan girin kad amma babu shi a lasisin tuƙi, ni kuma na rubuta fom ɗin da wani tsarin na uku. Aka ce in gyara su zo daidai in dawo. Zuwa na biyu yatsuna suka ƙi. Shekara huɗu ina goge kanta da wanke banɗakin shago da bilic, ga sanyi ya farfasa fatar, injin sai ya riƙa nuna shafaffen allo. Matar da ke ɗauka ta ba ni man shafawa, ta ce in murza in jira, ta riƙe babban yatsana tana mirginawa a kan gilashi har sau shida kafin ya karɓa. Daga nan yatsun ke tafiya hukumar bincike ta jiha da kuma FBI, hukumar bincike ta tarayya.

Takarda ta ƙarshe ita ce ta sa hannuna ya tsaya. Izini ne da kake ba asibitoci da kotuna su buɗe wa sherif duk wani bayani da ya shafi lafiyar ƙwaƙwalwarka. Na tuna likita da maganin barci. A al'adarmu wa yake so a ce an je ana tambayar ko yana da taɓin hankali? Na sa hannu, na yi rantsuwa a gaban mai hatimi cewa duk abin da na rubuta gaskiya ne, na fito na kira lauyar daga cikin mota. Ta ce dokar da kanta ta rubuta cewa ganin likita ko karɓar magani daga gida shi kaɗai ba ya hana mutum. Abin da ake nema shi ne wanda kotu ko hukuma ta yanke cewa ba ya cikin hankalinsa, ko mai lalurar da ba zai iya riƙe bindiga lafiya ba. Na faɗi wannan ne don na san akwai 'yan uwa da ke ƙin zuwa asibiti bayan irin abin da ya same ni, suna tsoron zai ɓata musu takarda.

Doka ta ba sherif kwana 45, amma lissafin ba ya farawa sai duk bayanan asibitocin sun iso hannunsa, don haka kada kowa ya ƙirga daga ranar da ya dangwala yatsa. Ni azumi gaba ɗaya ya wuce ina duba akwatin wasiƙa. A cikin wannan jiran ne ma wata tsohuwar doka ta faɗi. Tun 1919 ba ka sayen ƙaramar bindiga a jihar sai da wata takardar daban daga hukuma, dokar da masu sukarta ke cewa an yi ta ne a zamanin wariya don a hana baƙar fata. Majalisa ta soke ta, Gwamna Roy Cooper ya hau kujerar na-ƙi, 'yan majalisa suka fi ƙarfinsa a ranar 29 ga Maris 2023. Lasisin ɓoyewa dai bai taɓu ba. Nawa ya fito a watan Mayu, bayan ƙaramar Sallah da sati biyu: ɗan kati, shekara biyar yake yi, dole ka riƙa yawo da shi tare da katin shaida, in ka sauya gida kuma ka sanar cikin kwana 30.

Akwatin ƙarfe na fara saya, kamar yadda aka yi alkawari, na ɗaure shi da kusoshi a saman wadirob. Sannan na je na sayi bindigar, mai harsashi milimita 9, da kube mai rufe kunama ruf. A shagon na cika fom ɗin tarayya mai lamba 4473, na rubuta lambar girin kad ɗina a gurbinta, na karanta kowace tambaya sau biyu da yatsa a kan layi. Mai shagonmu ya yarda in riƙa zuwa aiki da ita. Masu aiki a manyan kamfanoni da yawa ba su da wannan damar, lasisi ko ba lasisi.

Abin da ban zata ba shi ne yawan ranakun da nake barin ta a gida. Ranar da zan biya gidan waya in aika saƙo, tana akwati. Ranar taron iyaye a makarantar 'yata, tana akwati. Da aka yi sunan ɗan wani aminina a unguwar Bronx ta birnin New York muka cika mota muka kama hanya, na zauna na duba jiha-jiha: Virginia ta san katina, amma daga Maryland zuwa New Jersey zuwa New York takardar banza ce. A 2013 aka kama wata uwa 'yar Philadelphia, Shaneen Allen, a New Jersey, tana da lasisin jiharta, ita da kanta ta gaya wa ɗan sandan da ya tsayar da ita. Sai da ta yi kwanaki a tsare, kuma sai a 2015 Gwamna Chris Christie ya yi mata afuwa. Ita 'yar ƙasa ce. Na bar tawa a akwati na tafi suna.

Masallaci ne inda har yau ban gama da zuciyata ba. Doka ba ta hana ba sai in shugabannin wurin sun hana. Wasu cikinmu na ganin dole a samu masu ɗauke da ita a sahun baya, kuma ba wanda zai ce ba su da hujja: tafiyar awa guda daga nan, a Chapel Hill, aka kashe ɗalibai Musulmi uku a gidansu ranar 10 ga Fabrairun 2015, Deah Barakat da matarsa Yusor Abu-Salha da ƙanwarta Razan. Amma maƙwabcin da ya kashe su yana da irin katin da ke walat ɗina. Shi ma ya zauna awa takwas a wani aji, an ɗauki yatsunsa. Na taɓa faɗin haka a majalisa, ba wanda ya tanka, dattijon nan dai ya gyaɗa kai ya ci gaba da jan carbinsa.

Cikin Oktoban 2023, ina dawowa daga aiki wajen ƙarfe biyu na dare, shuɗiyar fitila ta haska madubina. Na gangara gefe a ƙarƙashin fitilar titi. Na kashe inji, na sauke gilasai duka huɗu, na kunna fitilar ciki, na ɗora hannu biyu a kan sitiyari na buɗe yatsu. Ƙarfen da ke ƙuguna na dama sai na ji ya yi nauyin bulo. Ina ta Hasbunallahu a zuci har hasken tocila ya iso kafaɗata. Kafin ya gama gaisuwa na ce, a hankali, kalma bayan kalma, "Yallaɓai, ina da lasisin ɗaukar bindiga, kuma tana jikina yanzu." Ya ɗan ja baya taku ɗaya. Ya ce a ina? Na ce ƙugu, dama. Walat fa? Na ce aljihun baya, hagu. Ya ce, "Ka bar taka inda take, ni ma in bar tawa inda take. Ɗauko walat ɗin da hannun hagu, sannu a hankali." Na ɗauko da yatsa biyu. Ya karɓi katunan ya koma motarsa, minti biyar da suka yi mini kamar wuni, ya dawo ya ce fitilar birkina ta hagu ta mutu, gargaɗi ne kawai, in gyara. Ya ƙara da cewa ya gode da na sanar da shi.

Sai da motarsa ta ɓace na ga ba zan iya murza makulli ba, hannuna na rawa irin ta yaron nan. Na jira ta lafa, na ƙarasa gida, na cire harsasai na kulle ta a akwati, na leƙa ɗakin yara. Matata ta farka ta ce, "Abban yara, lafiya ka daɗe?" Na ce lafiya lau, fitilar mota ce. Ƙarfe takwas na safe ina ƙofar shagon kayan gyara kafin su buɗe. Na sayi ƙwan fitila biyu, na canja na hagun a nan harabarsu, ɗayan na ajiye a aljihun mota.